Benen da Nasani Ya Gina wa Kifi

A wani layi mai shaguna jere da juna an yi wani magini da ba wanda ya damu da sunansa na gaskiya, kowa Nasani yake ce masa. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ko hanya ka tsaya nuna masa, kafin ka ɗaga hannu ya ce ya sani. Mutum ya yi furfura har a gira, ya aurar da 'ya'ya, amma kunnensa bai taɓa yi masa wani aiki ba ban da riƙe fensir.

Aiki ya ƙaurace masa tun ranar da katangar da ya yi wa mai gidan burodi ta kwanta a kan motar mutumin. Nasani ya ce iska ce. Mutanen layi suka ce ranar ko ganye bai motsa ba. Tun daga nan cokalin gininsa ya fara tsatsa, shi kuma ya koma zaman benci a shagon askin mijin ƙanwarsa, yana koya wa masu jira yadda ya kamata a gina gada.

Mai askin nan mutum ne mai sanyi, irin waɗanda in ka taka musu ƙafa su ne za su ba ka haƙuri. Yana shirin ƙara ɗaki a bayan shagon, inda matarsa Auta za ta riƙa yi wa mata gyaran gashi. Auta kuwa ta sa shi gaba safe da yamma a kan ya ba yayanta aikin ginin, don ta gaji da ganinsa a benci kamar kayan da aka manta a tasha. Mai aski yana ta noƙewa. In ta matsa sai ya ce bari a ga abin da hali zai yi, ya kunna injin aski don kada ya ji sauran.

Ana cikin haka ya sayo akwatin gilashi na kiwon kifi, dogo kamar bencin, don masu jira su sami abin kallo ban da Nasani. Matar da ke sayar da kifin ado ta kawo kayan da kanta. Akwai kifaye shuɗaye da masu ruwan ɗorawa, dangin karfasa, waɗanda ta ce sunansu sikilid, da ɗan injin da ke tace ruwa yana hura iska, da buhun farin yashi mai laushi. Ta fara bayani cewa wannan kifi mahaƙi ne, da baki yake ɗibar yashi ya je wani wuri ya tofar, don haka sai yashi mai laushi wanda aka wanke tas, kuma in za a sa duwatsu...

Nan Nasani ya ce ya sani. Ya cusa hannu a buhun, ya murza, ya sansana, har ya ɗan lasa, sannan ya kakkaɓe yatsu kamar ya taɓa ƙazanta.

"Baiwar Allah, ke da kifi kika saba, ni da yashi na tsufa. Ina zaune a shagon nan a sayo yashi a buhu kamar sukari?"

Mai kifi ta dubi mai aski, mai aski ya dubi ƙasa. Ta saɓa buhunta, ta ce idan an gama sanin a kira ta.

Da a nan Nasani ya tsaya da sauƙi. Amma baki shi ke yanka wuya. Ya miƙe a gaban cikar shago ya ce wa mai aski: "Ƙanena, bar mini akwatin nan zuwa ranar da za ka ɗaga sabon allon shago. In aikina bai yi maka ba, kada ka ba ni ginin baya. In ya yi, magana ta ƙare."

Fuskar mai aski ta washe kamar wanda ya daɗe yana laluben ƙofa ya samu. Daga bayan katakon da ya raba shagon aski da na ɗinki sai aka ji muryar tela yana cewa a sa shi cikin shaidu. Telan nan sa'an Nasani ne, tare suka yi ƙuruciya, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

Kafin azahar Nasani ya turo baro cike da jan yashin filasta da ya ɗebo daga wani kango a ƙarshen layi, har da guntayen sigari da murafun kwalba. Ya zuba da shebur, ya sa tiyo ya cika ruwa, ya juye kifin. Ruwa ya koma kamar shayin da aka cika wa madara. Kifi suka ɓace ɓat. Tela ya leƙo, ya tsaya ya ƙare wa akwatin kallo, sannan ya tambayi mai aski ko ya fara sayar da shayi ne, in haka ne a zubo masa kofi ɗaya, a rage kifi.

Nasani ya ce kowane aiki sai ya kwanta, ko kankaren rufin bene ba a hawansa ranar da aka zuba shi. Washegari ruwa bai kwanta ba, injin tacewa ne ya kwanta. Ya yi tari irin na tsoho ya yi shiru. Can ba a rasa ba sai a ga bakin kifi ya manno a gilashi, yana buɗewa yana rufewa, kamar mai neman hanyar fita daga ɗakin da hayaƙi ya turnuƙe. Auta ta zo da baho da kwandon tace shinkafa, ta riƙa laluben kifin a makance har ta tsamo su duka. Ta ce wa yayanta ai matar nan ta faɗa, sai an wanke yashin. Ya ce ya sani, juriyar kifin yake gwadawa, kuma ga shi sun ci jarrabawa.

Ya kwashe yashin ya kai bayan shago. A ganinsa abin da bai ga sabulu ba ba a wanke shi ba, don haka ya juye masa ledar garin sabulu guda, ya cuɗa da shebur kamar yana kwaɓa siminti. Ɗauraya ɗaya ya yi, don a cewarsa yawan ɗauraya na rage wa yashi ƙarfi. Ya mayar, ya cika ruwa, ya kunna injin da mai aski ya sha wahalar gyarawa. Allah ya taimaki kifin, Auta ta zauna a bakin baho ta ce ba inda za su sai ta ga ruwan da idonta.

Injin na fara hura iska kumfa ta taso. Ta cika akwatin, ta leƙo waje, ta gangaro ta bi ƙafafun kujeru. Wani da ya kishingiɗa ido rufe ana gyara masa gemu ya buɗe ido ya ga kumfa har idon sawu, ya ce shi fa gemu kaɗai ya ce a aske masa. Tela ya tsaya a bakin ƙofa yana naɗe ƙafar wando.

"Tun da ka shafa wa akwatin kumfa, Nasani, bari a miƙo maka reza."

"Kai da ba ka taɓa ɗinka hannun riga biyu sun zo daidai ba."

"Hannun rigata dai bai taɓa faɗa wa motar kowa ba."

Ita Auta ba ta yi dariya ba. Ɗan'uwa rabin jiki ne, ko da rabin da ke ciwo ne. Ta ɗaura zane, ta yini a bayan shago da tiyo da rariya, tana tsince murafun kwalba, tana wankewa tana zubarwa, har ruwan da ke fita daga yashin ya yi garau. Bayanta ya ƙage. Ta miƙa masa bokitin ta ce: "Yaya, don girman Allah, zubawa kawai za ka yi. Zubawa."

Magini kuwa ba ya zubawa kawai. Ya ɗauko cokalin gini da igiya da ma'auninsa mai ƙwayar ruwa a tsakiya, ya shige akwatin har ƙugu, ƙafafu na reto a waje. Ya baje, ya shafe, ya ɗora ma'auni, ya kanne ido ɗaya, ya sake shafewa. Da ya gama, yashin ya kwanta sumul kamar daɓen ɗakin baƙi. Aka zuba ruwa a hankali, aka saki kifi, launinsu ya fito kamar an kunna fitila. Tela ya leƙo ya gyaɗa kai ya koma, abin da ba a taɓa gani ba. Nasani ya zare tef ɗin awo ya fita bayan shago, yana tambayar mai aski ta wace fuska yake son taga.

Da safe ya shigo yana fito, sai fiton ya tsaya masa a baki. Daɓensa ya zama filin da aka yi haƙar rijiyoyi. Nan rami har ana ganin gilashin ƙasa, can tudu, can wani kwari. Nan take ya ce aikin maƙiya ne, kuma ya san maƙiyin. Ya buga katako ya ce tela ya fito ya nuna hannun rigarsa, in bai jiƙe ba. Tela ya fito da hannu biyu a sama, ya ce a duba har hammata.

Suna cikin cacar baki a gaban akwatin sai babban cikin kifin, wani shuɗi mai ƙullutu a goshi, ya sauka ƙasa ya cika baki da yashi. Ya taho a natse har gaban gilashi, daidai hancin Nasani, ya tofar. Ya ɗan tsaya yana dubansa, sannan ya juya ya koma ɗebo wani.

Shago ya kece da dariya. Tela ya raɗa wa kifin suna Ɗan Kwangila. Ya ce ga ma'aikaci, yana fita aiki da wuri, ba ya neman kafin alƙalami, ba ya tafiya cin abinci ya ɓace, kuma bai taɓa cewa iska ce ba.

Daga nan aka shiga yaƙi. Nasani ya naɗe hannun riga ya shafe, Ɗan Kwangila da mutanensa su tone. Ya shafe da safe, kafin ya sha ruwa sun buɗe sababbin ramuka. In ya sa hannu su taru suna tsinkar masa gashin damtse. Labari ya bazu a layi, har waɗanda ba su da gashin askewa suka riƙa zuwa a aske musu don su ga yadda za ta kaya. Mai aski bai taɓa ganin ciniki irin wannan ba. Ransa ya yi fari, har ya ja Nasani gefe a gaban Auta ya ce masa ya bar yashin haka, ya yi, kifin na jin daɗi, masu zuwa aski na jin daɗi, gobe ma in ya so a fara maganar bulo.

Auta ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah. Aiki ya zo har tafin hannu, saura a dunƙule. Nasani ya ce sam. Shi bai taɓa miƙa aiki da rami a ciki ba, kuma ba kifi ne zai fara sa shi ba. Auta ta mintsine shi a damtse har sai da ya yi tsalle, ya ce ta bari, ita mace ce, ba ta san sirrin gini ba.

Washegari ya doso shago da rabin buhun siminti a kafaɗa. Dabararsa ita ce ya ɗan barbaɗa a yashin ya kama, ya ga bakin da zai tona. Auta ta tare ƙofa da jikinta, ta kira mai kifi a waya ta buɗe murya kowa ya ji. Mai kifi ta ce in siminti ya shiga ruwan nan kafin a gama aski ɗaya kifin duk sun juya ciki sama. Ta ce a bar su su yi haƙarsu, halinsu ne, sai dai in za a sa duwatsu...

Nasani ya ce ya sani, ya miƙa yatsa ya kashe wayar. Abin da baiwar Allah ta yi ta son faɗa, shi ne a fara zaunar da dutse a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi, don ko sun tona ba abin da zai motsa. Shi kuwa kalma ɗaya ce ta shiga kunnensa, duwatsu, kuma ta ishe shi.

Ya ajiye siminti ya koma kango da baro. Ya zaɓo falalen duwatsu masu nauyi, ya wanke su, wannan karon ba sabulu don Auta na tsaye a kansa. Ya daddaɓe yashin da guntun katako, ya ce yanzu ya yi ƙarfin da zai ɗauki mota. A kan yashin ya ɗora gini. Hawa na farko da ƙofofi, na biyu da baranda, na uku da wani ƙaton dutse a bisa kamar hula. Ya ce nauyin zai danne yashin kifi su rasa ta yi, kuma mai aski ya buɗe ido ya ga samfurin abin da za a yi masa a baya.

Gaskiya ginin ya yi kyau, kifin ma sun yaba. Suka tare a ciki ranar, kowa ya kama ɗaki. Gaban akwatin ya zauna sumul, ba rami ko ɗaya. Sai dai a can kusurwar baya wani tudun yashi ya fara tashi, kullum yana ƙara tsawo. Mai aski ya nuna masa, Nasani ya ce shara suke fitarwa, kowane mai sabon gida haka yake yi. Bai tambayi kansa daga ina sharar ke fitowa ba.

Ranar ɗaga allo shago ya cika har waje. An jera lemo a kan tebur, maƙwabta sun zo da 'ya'yansu, wani malamin makaranta na kan kujera an aske masa rabin kai. Nasani ya sha guga, tef a ƙugu, fensir a kunne. Ya tsaya a gefen akwatin yana bayani a kan nauyi da daidaito, da yadda ilimin littafi ya lalata maginan zamani. Tela ya karkata kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi dai a idonsa benen nan kamar yana rusunawa zai gaida mutane.

Nasani ya yi murmushin tausayi. Ya ce ruwa ne ke karkatar da ido, ko sanda ka tsoma a ruwa sai ka ga ta lanƙwashe, amma ina tela zai san wannan. Don ya rufe bakin kowa ya zaro cokalin gini ya ƙwanƙwasa gefen akwatin da ƙotarsa, ya ce ko ƙasa ce ta girgiza wannan gini ba inda za shi.

Daidai nan Ɗan Kwangila ya fito daga ƙarƙashin hawa na farko da baki cike. Benen ya yi gaba a hankali, kamar tsohon da ke neman wurin zama. Baranda ta zame. Ƙaton dutsen bisa ya sauko ya sumbaci gilashin gaba, aka ji ƙas. Wani siririn layi ya tashi daga wurin ya nufi ƙasa. Nasani ya ɗora babban yatsa a kai, ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, tsagewar sama ce, ɗan shafe kawai take so.

Gilashin ya buɗe.

Ruwa ya fara da cikin Nasani, ya zaunar da shi a ƙasa, sannan ya bi ta kan kowa. Malamin makaranta ya haye kujera da rabin kansa, tawul a wuya. Mai aski ya ɗaga injin aski sama yana juyi a wuri ɗaya har sai da wani ya kashe wuta. Kwalaben lemo suka bi ruwa, takalma suka bi kwalabe. Auta ta durƙusa da baho tana tsintar kifi a ƙarƙashin benci, matan layi na taya ta, har aka haɗa su duka da ransu. Tela ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye, sai ya lura ruwan bai tsaya a shagon aski ba. Gaba ɗaya ya nufi gefe guda, ya bi ta ƙarƙashin katako ya shige shagonsa, inda yadukan mutane ke jibge a ƙasa. Dariya ta ɗauke, ya ruga.

Auta ta dubi yayanta zaune a jiƙe, fensir ya tafi, gugar ta tafi, sai tausayi ya kama ta. Ta fara lallaɓar mijinta a hankali, cewa gilashi daban, bulo daban, a bayan shago ai ba kifin da zai tona masa. Mai aski ya fara sosa ƙeya. Duk wanda ya san shi ya san in ya fara sosa ƙeya an kusa shawo kansa.

Nasani ya ga ƙofa ta buɗe. Maimakon ya yi shiru ƙanwarsa ta ƙarasa masa, sai ya miƙe yana tsiyaya, ya nuna ƙasa da cokali. Ya ce jama'a su shaida, laifin ba na ginin ba ne. Su dubi yadda ruwa ya kwashe ya bi gefe ɗaya. Daɓen shagon nan a karkace yake, shi ya karkatar da akwatin, akwatin ya karkatar da benen. Ya ce wanda ya yi daɓen nan ba magini ba ne, ɓarawon siminti ne, kamata ya yi a ƙwace masa cokali a ɗaure shi, kuma irin waɗannan ne suka ɓata wa sana'ar suna.

Tela ya dawo rungume da yadi yana zubar da ruwa. Ya tsaya ya bari ya kai aya.

"Kai ka yi shi."

"Wa?"

"Kai. Tun wurin nan yana ɗaki ɗaya, lokacin mai sayar da fenti. Ni na ara maka bokiti, har yau ba ka dawo da shi ba."

Mai aski ya sauke hannu daga ƙeya. Auta ta dubi daɓen, ta bi gangaren da ido har ƙarƙashin katako, sannan ta tuna a ɗakin da za a gina ita ce za ta yini a ciki, da matan mutane a ƙarƙashin rufin. Ta ce wa mijinta ya nemo wani magini, ko daga wane gari ne. Ta ɗauko tsumma ta danƙa wa yayanta a hannu.

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Nasani ya karɓi tsumman, ya gyara tsayuwa, ya dafa kafaɗar mai aski.

"Da gangan na yi gangaren, ƙanena. Da na daidaita shi, da yanzu duk ruwan nan a shagonka yake kwance. Ka ga inda na tura shi."

Tela ya ajiye yadin a hankali, ya shiga shagonsa ya fito da sandar awo. Waɗanda ke tsaye a waje sun ce ba su taɓa sanin mai furfura na iya gudu haka a jiƙe ba.